Tallafin gwamnatin Amurka na hana laifukan ƙiyayya: ta ina masallaci da makaranta za su fara?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Amurka da suka san kan harkar neman tallafin gwamnati. Masallacinmu yana da Islamiyya ta Asabar da Lahadi, yara sun haura ɗari. Sau biyu ke nan ana yi mana rubutun zagi a bango, kuma an taɓa fasa tagar ajin ƙananan yara da dare. Ga kuma iyaye suna kawo ƙorafin cewa ana tsokanar 'ya'yansu mata kan hijabi a makarantun gwamnati da suke zuwa.

Mun ji ana cewa gwamnati na ba da kuɗi don irin wannan matsala, to amma kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce FEMA, wani ya ce Ma'aikatar Shari'a, wani ya ce a je ofishin gwamnan jiha. Wanne ne namu? Nawa ake bayarwa, me ake buƙata, kuma me ke sa a ƙi takardar mutum? Allah ya saka da alheri.

Abu Safwan ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah ya tsare gaba. Duk waɗanda suka ba ku amsa sun faɗi gaskiya, sai dai kowannensu ƙofa ɗaya ya nuna muku. Maganar bango da taga daban take da maganar tsokanar yara, kuma asusun da ke biyan ɗaya ba ya biyan ɗayar. Ni zan tsaya kan ginin, don nan ne masallaci ke iya nema da kansa.

Shirin da ya dace da ku shi ne NSGP, wato tallafin tsaron ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ke gudanarwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Majalisa ta ware masa dala miliyan 180 a 2021, miliyan 250 a 2022, miliyan 305 a 2023, sai miliyan 274.5 a 2024, ban da ƙarin da aka yi a wata dokar kasafi ta musamman a 2024 ɗin. Shekaru da dama iyakar abin da ake ba wuri ɗaya dala 150,000 ne, daga baya aka ɗaga zuwa 200,000, kuma ƙungiya na iya nemar wa wurare har uku. Ba a neman ku zuba naku kaso, kuma wa'adin kammala aiki wata 36 ne. Kowace shekara dai sanarwar shekarar ce ke da hukunci, don haka a karanta ta kafin a dogara da waɗannan alƙaluma.

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne tsammanin FEMA za su aika wa takarda. Ba haka ba ne. Kowace jiha tana da ofishin da aka ɗora wa wannan aiki, ana kiransa SAA, galibi hukumar agajin gaggawa ce ko ta tsaron jiha. Shi ke karɓar takardunku, ya ba su maki, ya jera su, sannan ya miƙa wa FEMA. Saboda haka ranar rufewa da ta shafe ku ita ce ta jiha, kuma kullum tana riga ta FEMA. Wani lokaci tsakanin fitowar sanarwa da rufewar jiha bai fi mako biyu ko uku ba. Wanda ya jira sai an yi sanarwa sannan ya fara shiri, ya makara. Ku shiga shafin ofishin jiharku yau, ku sa adireshin imel ɗinku cikin jerin waɗanda ake sanar da su.

Abubuwan da za ku tanada tun yanzu ba su da yawa. Akwai lambar UEI, wato lambar shaidar ƙungiya a wurin gwamnatin tarayya, mai haruffa da lambobi 12, ana samunta kyauta a SAM.gov, ita ta maye gurbin lambar DUNS tun Afrilun 2022. Inda ake tuntuɓe a nan shi ne sunan ƙungiya da adireshi. Idan takardar rajista ta ce abu ɗaya, takardar banki ta rubuta sunan da wani salo, sai a tsayar da ku har sai kun kawo shaida, kuma hakan na iya cin makonni. Ku rubuta sunan harafi da harafi yadda yake a rajistar jiha. Sai matsayin 501(c)(3) na hukumar haraji ta IRS, wato na ƙungiyar da aka yafe wa haraji. A dokar tarayya wuraren ibada suna da wannan matsayi ko da ba su nemi wasiƙar IRS ba, amma wasu jihohi kan nemi a nuna musu takarda, sai ku tambayi taku. Sai taƙaitaccen bayanin manufar ƙungiya a kan takarda mai tambarinku: su wane ne ku, me kuke yi, don me.

Manyan takardun guda biyu ne. Ta farko rahoton binciken raunin gini. Ana zagaya wurin ana duba ƙofofi nawa ne, waɗanne ake iya kullewa daga ciki, ina ne duhu da dare, ina mota za ta iya kutsowa cikin jama'a ranar Juma'a ko Idi, wace taga ce ke kallon titi, ta ina yara za su fita idan an tare babbar ƙofa. Hukumar CISA, mai kula da tsaron intanet da muhimman kadarori, tana da fom na kyauta a intanet da aka tsara don wuraren ibada, tana kuma da jami'an ba da shawara kan tsaro a jihohi, waɗanda ke zuwa ba tare da an biya su ba. 'Yan sandan unguwa ma sukan yi. Layin jira yana da tsawo, musamman gab da lokacin nema, sai a nemi rana tun da wuri. Kuɗin tallafin ba ya biyan wannan bincike.

Ta biyu ita ce takardar hujja, wadda suke taƙaitawa da IJ. Fom ne na kwamfuta mai iyakar haruffa a kowane gurbi, kuma kowane adireshi da tasa takardar da nasa binciken. Akwatin gidan waya ba adireshi ba ne a wurinsu. A nan ake cin nasara, a nan ake faɗuwa. Masu ba da maki suna bin zare ɗaya ne: mene ne barazanar, wane rauni a ginin zai ba ta hanya, me zai faru idan ta auku, kuma wane kaya kuke nema da zai toshe wannan raunin. Duk abin da kuka saka a kasafi amma babu shi a rahoton bincike, ana iya soke shi. Wanda ya rubuta "muna buƙatar kyamarori don inganta tsaro" bai faɗi komai ba. A maimakon haka a rubuta cewa a rana kaza an fasa tagar gefen gabas da dare, ga lambar rahoton 'yan sanda, binciken ya nuna babu fitila ko kyamara a wannan gefen, ana neman kyamara huɗu da fitila shida da leda mai hana gilashi tarwatsewa ga taga takwas, kowanne da farashinsa da lambarsa a jerin kayan da FEMA ta amince da su.

Wajen bayanin barazana, ku fara da abin da ya same ku, sannan abin da ya samu makamantanku a jiharku, sannan na ƙasa baki ɗaya. Ƙona masallacin garin Victoria a Tekzas a Janairun 2017 da jefa bam a cibiyar Dar Al-Farooq ta Bloomington a Minisota a Agustan 2017 misalai ne da kotunan tarayya suka yanke hukunci a kansu, ana iya kawo su. Amma kada su cinye gurbin. Rubutun da aka yi a bangonku ya fi nauyi a wurin mai ba da maki fiye da babban harin da aka kai wata jiha mai nisa.

Yadda aka saba lissafin maki a sanarwar shekarun baya, jiha na ba da maki har 40, sai a ninka sau 3 ga wuraren ibada, sau 2 ga makarantu da asibitoci, sau 1 ga sauran, sannan a ƙara 15 ga wanda bai taɓa samu ba. Masallacin da ya ci 30 a karon farko yana da 105 ke nan, makarantar da ta ci 38 kuma ta taɓa samu tana da 76. Don haka ku lura da gurbin da ake tambayar irin ƙungiyarku. Idan Islamiyyar ƙarƙashin masallaci take, bayanin manufarku ya nuna hakan ƙarara.

Abin da kuɗin ke saya: kyamarori, fitilu, ƙofofi masu ƙarfi, makullan kati, shinge, turakun ƙarfe ko na kankare masu tare mota, na'urar sanar da jama'a, horar da ma'aikata da masu sa kai, atisaye, da masu gadi na kamfani da aka ɗauka da kwangila. Abin da ba ya saya: bindiga ko horon harbi, manhajar gane fuska, na'urar karanta lambar mota, gyaran fili da shuke-shuke, albashin mai gadin da kuka ɗauka da kanku, da duk abin da aka saya kafin a amince.

Ummu Khalil ta rubuta:

Malam Abu Safwan ya yi bayani mai gamsarwa kan gini, Allah ya ƙara basira. Sai dai kyamara tana ɗaukar hoton mai laifi ne, ba ta canza zuciyar yaron da ke fizge wa 'yar ajinsu hijabi. Rabin tambayar Malam Sakatare na makaranta ne, kuma a wannan ɓangaren masallaci ba kasafai yake zama mai nema ba. Abokin tafiya yake zama.

Bari mu fara da girman matsalar. Rahoton musamman da FBI ta fitar a farkon 2024 ya nuna cewa tsakanin 2018 da 2022 makarantu ne wuri na uku da aka fi aikata laifukan ƙiyayya, bayan gidaje da tituna, kuma adadin ya tashi daga 700 a 2018 zuwa 1,336 a 2022. Wannan hujja ce mai kyau da za a ajiye gaban shugaban makaranta.

Kuɗin da ya fi kusa da ku ba sai an yi gasa ba, yana hannun hukumar ilimi ta gundumarku. Shi ne kason Title IV-A na dokar ilimi ta ESSA. Gundumar da ta samu dala 30,000 ko fiye dole ta yi nazarin buƙatu, kuma dole ta kashe aƙalla kashi 20 cikin ɗari kan lafiya da amincin ɗalibai, wanda ya haɗa da hana cin zali da tsangwama. Dokar ta kuma wajabta tuntuɓar iyaye da ƙungiyoyin al'umma wajen tsara yadda za a kashe. Ku nemi jami'in da ke kula da shirye-shiryen tarayya a gundumar, ku tambaye shi yaushe ake zaman tuntuɓar, ku je da buƙata takamaimai: horar da malamai da direbobin bas kan gane tsangwama ta addini da ƙabila, ko hanyar kai ƙara da yaro zai iya amfani da ita ba tare da an san shi ba. Makarantu masu zaman kansu na cikakken lokaci da ba na neman riba ba suna da hakkin cin gajiyar wannan kaso ta hanyar hidima, ba tsabar kuɗi ba. Islamiyyar ƙarshen mako ba ta shiga wannan sahu.

Sai dokar STOP ta 2018, wadda aka yi bayan kisan mutum 17 a makarantar sakandare ta Parkland a Fulorida. Ta kasu biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Ɓangaren ofishin BJA na Ma'aikatar Shari'a yana biyan horo, kafa kwamitin tantance barazana a makaranta, da manhajar kai rahoto a asirce. Ɓangaren ofishin COPS, shi ma na Ma'aikatar Shari'a, mai suna SVPP, shi ke biyan kayan aiki kamar makullai, fitilu da na'urar kiran 'yan sanda cikin gaggawa. A SVPP iyakar dala 500,000 ce cikin wata 36, kuma gwamnatin tarayya kashi 75 kawai take biya. Wanda ya nemi cikakkiyar 500,000 sai ya tanadi kusan dala 166,700 daga aljihunsa. Gunduma na iya rasa wannan tallafi idan ta nemi kyamara a ɓangaren horo, ko horo a ɓangaren kaya.

Shirye-shiryen da ke ɗauke da sunan ƙiyayya kai tsaye suna Ma'aikatar Shari'a. Shirin Shepard da Byrd ya samo sunansa daga dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Oktoban 2009, don tunawa da Matthew Shepard da James Byrd Jr., waɗanda aka kashe a 1998. 'Yan sanda da ofisoshin masu gabatar da ƙara ne ke nemansa, amma ana son su zo da abokan aiki daga al'umma da makarantu, kuma abokin aiki na iya samun kaso a kasafin. Akwai kuma shirin BJA da aka tsara don ƙungiyoyin al'umma su nema da kansu. Dokar Jabara da Heyer ta 2021 kuwa jihohi take tallafa wa su buɗe layin kai ƙara. Neman tallafin Ma'aikatar Shari'a hawa biyu ne: a fara cika fom SF-424 a Grants.gov, sannan a kai cikakkiyar takarda JustGrants, kowanne da ranar rufewarsa. Wanda ya kuskure ta farko, ta biyu ba za ta buɗe masa ba. A nan kuma lambar UEI kaɗai ba ta isa, sai cikakkiyar rajistar SAM.gov da ake sabuntawa duk shekara.

A yi hattara dai. A Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta soke tallafi fiye da 300 da aka riga aka bayar, har da na yaƙi da laifukan ƙiyayya, ayyuka suna tsakiya. Ƙaramar ƙungiya kada ta ɗauki ma'aikaci na dindindin bisa dogaro da irin wannan kuɗi kaɗai.

Wani abu da ya shafi masallaci musamman: kuɗin tarayya ba ya biyan wa'azi, karatun addini ko ibada. Ana iya yin taron wayar da kai a zauren masallaci, amma a raba shi da salla da darasi a lokaci ko a wuri, kuma a bar ƙofa buɗe ga kowa ba tare da sharaɗin addini ba.

Su kuma iyayen 'yan matan kada su jira tallafi. Su rubuta wa shugaban makaranta ƙorafi a rubuce, da rana da wuri da abin da aka faɗa, su riƙe kwafi. Makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya tana ƙarƙashin Title VI na dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta hana wariya kan launin fata, ƙabila ko asalin ƙasa, kuma Ma'aikatar Ilimi ta daɗe tana fassara ta da cewa ta kare ɗalibai Musulmi, Yahudawa da Sikh idan tsangwamar ta shafi asali ko kamanni. Wa'adin kai ƙara ofishin kare hakki na ma'aikatar kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru.

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Na karanta wa shugaban kwamiti, sai ya yi tambaya biyu. Da an amince za a turo kuɗin asusunmu ne? Sannan wasu dattawa suna tsoron cewa karɓar kuɗin gwamnati zai ba ta damar sa ido kan masallata. Yaya gaskiyar abin yake?

Ma'aji ya rubuta:

Malam Sakatare, ka gaya wa shugaba kada ya sa rai da ganin kuɗi a asusu. A mafi yawan jihohi NSGP biya-a-mayar-maka ne. Ku za ku biya ɗan kwangila, ku kai takardar kuɗinsa da shaidar banki da hoton aikin, jiha ta duba sannan ta mayar muku, wani lokaci bayan makonni, wani lokaci bayan watanni. Nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke maƙalewa: an ba su 150,000 a takarda, asusunsu bai kai 20,000 ba.

Mafitar ita ce a yanka aikin gunduwa-gunduwa. A ce kuna iya ware dala 25,000. Ku yi fitilu da makullai da ita, ku nemi a mayar, idan ta dawo ku yi kyamarori, haka har a gama. Wata 36 ya isa idan an fara da wuri, don haka tun a takardar hujja ku tsara matakan aikin a kan wannan juyi. Ku tambayi jiha ko tana yarda da biyan gaba ga wanda ya nuna takardar ɗan kwangila da ba a biya ba, don wasu suna yi. Bashin banki kuwa, ban da matsalar riba da kwamitin masallaci zai guje wa, kuɗin ruwan ba ya cikin abin da ake mayarwa. Rance marar ruwa daga masu hali a cikin jama'a, a rubuce da sa hannu, ya fi sauƙi.

Babban ramin da ke cinye kuɗin mutane shi ne gaggawa. Wasiƙar taya murna ba izinin fara aiki ba ce. Sai an sa hannu kan yarjejeniya da jiha, sannan duk aikin da zai taɓa gini ko ƙasa, ko da huda bango ne don ɗaura kyamara, sai ya wuce tantancewar muhalli da kayan tarihi da ake kira EHP. Ana cika fom, a haɗa hoton ginin ta kowane gefe da hoton sama, a yi alama a daidai inda kowane kaya zai zauna, a faɗi shekarar da aka yi ginin da zurfin duk ramin da za a haƙa. Tsohon gini da aikin haƙa sun fi daɗewa a layi. Wanda ya kafa shinge kafin amincewar ta fito, ya yi wa masallaci sadaka, don ba za a mayar masa ba. Idan haya kuke yi, ku karɓi yardar mai gini a rubuce kafin komai.

Wajen saye akwai ƙa'idojin tarayya na 2 CFR 200, kuma jiha na iya ƙara nata. Ku nemi farashi daga kamfanoni uku a rubuce, ku ajiye har na waɗanda ba ku zaɓa ba, da dalilin zaɓin. Ɗan kwamiti ko ɗan'uwansa mai kamfanin kyamara ba zai shiga zaɓe ko kula da kwangilar ba, ko da shi ya fi araha. Kamfanin da ya rubuta muku bayanin kayan da za a saya ba ya shiga gasar sayar da su, wannan ya sa tayin "za mu yi muku bincike kyauta mu cika muku takarda" ke zama tarko. Kwangilar da ta kai dala 25,000 sai an duba SAM.gov ko an haramta wa kamfanin aikin gwamnati. Sannan sashe na 889 na dokar kasafin tsaro ta 2019 ya hana sayen kayan Hikvision, Dahua, Huawei, ZTE da Hytera da kuɗin tarayya. Kyamarori masu araha da yawa na waɗannan kamfanoni ne aka canza musu suna, saboda haka ɗan kwangila ya ba ku shaida a rubuce cewa kayansa sun bi wannan doka.

An yarda a kashe har kashi 5 cikin ɗari kan gudanar da tallafin, wato dala 10,000 a cikin 200,000, amma sai an saka shi a kasafi tun farko. Ku saka, don rahotanni suna cin lokaci, kuma mai sa kai yakan gaji a shekara ta biyu. Idan farashi ya tashi ko kuna son sauya kaya, sai an nemi izini a rubuce kafin a sauya. Takardu a ajiye su aƙalla shekara uku bayan rahoton ƙarshe. Babban binciken odita na tarayya ba zai shafe ku ba, don sai wanda ya kashe dala miliyan 1 ta tarayya a shekara.

Tsoron dattawa kuwa ba abin dariya ba ne, a ba su amsa ta gaskiya. Fom ɗin ba ya neman sunayen masallata, kuma kyamarorin da hotunansu naku ne. Abin da jiha ke dubawa kuɗi ne da kaya, tana iya zuwa ta ga ko abin da aka biya yana nan. Amma sanarwar FEMA da kanta ta faɗi cewa sashen leƙen asiri na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida yana tantance sunayen ƙungiyoyin kafin a ba su. Haka kuma a 2025 ma'aikatar ta shigar da sharuɗɗan haɗin kai da jami'an shige da fice cikin ƙa'idojin tallafinta, abin da ya sa jihohi da dama suka kai ta kotu. Sharuɗɗan suna sauyawa, don haka kafin shugaba ya sa hannu, lauya ya karanta na shekarar da ke manne da yarjejeniyarku, ya fassara wa kwamiti layi-layi. Neman tallafi ba ya tilasta karɓa; ana iya nema, a ga sharuɗɗan, sannan a yanke shawara.

Abu Safwan ya rubuta:

Ƙari kaɗan kan maganar Ma'aji. Idan sharuɗɗan tarayya ba su kwanta wa kwamiti ba, jihohi da dama suna da nasu asusun. Niyok tana da shirin kare al'ummomi daga laifukan ƙiyayya a ƙarƙashin hukumar DCJS, kuma sai ƙungiya ta wuce tantancewar farko ta jiha kafin ta nema. Kalifoniya tana da nata a hannun Cal OES. Fensilbeniya ta kafa nata a 2019 bayan kisan mutum 11 a majami'ar Yahudawa ta Tree of Life a Pittsburgh, tana ba da daga dala 5,000 zuwa 150,000, kuma wanda ya nemi 25,000 ko ƙasa ba a neman ya zuba kaso. Ana iya neman na jiha da na tarayya tare, muddin ba kaya ɗaya ake biya sau biyu ba.

Sannan, Malam Sakatare, shin an kai rahoton rubutun bangon da tagar? Idan ba a kai ba, a kai yanzu ko da an makara. A dokar Amurka zagi kaɗai ba laifin ƙiyayya ba ne. Sai an aikata laifi kamar ɓarna, duka, barazana ko ƙone-ƙone, kuma ƙiyayya ce ta sa. Rubutu a bangonku ɓarnar dukiya ce, lalata wurin ibada saboda addininsa kuma laifi ne a dokar tarayya. Ku gaya wa ɗan sandan a fili cewa kuna zargin ƙiyayya ce dalili, ku roƙi ya rubuta kalmomin yadda suke, don idan ya shigar da shi a matsayin ɓarna kawai, ba zai shiga ƙididdiga ba. FBI ta ƙirga aukuwar laifukan ƙiyayya 11,862 a 2023, alhali binciken da ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ke yi gida-gida ya kiyasta kusan 250,000 a shekara tsakanin 2005 da 2019. A gaba kada a goge bango sai an ɗauki hoto na kusa da na nesa. Ku buɗe littafi guda a ofis, duk abin da ya faru a rubuta rana, lokaci, wuri, wanda ya gani da lambar rahoto, har da kiran waya da saƙonnin Facebook na barazana, tare da rasit ɗin gyaran tagar.

Ka faɗa mana jiharku, sai a nuna maka ofishin da ke karɓar takardun da watan da suka saba buɗewa.